Nomau da Filin Ƙofar Gida

A garin Tungar Gawo akwai wani gida mai kallon gabas, mutum biyu suka rage a cikinsa: Hansai da ƙanenta Nomau. Hansai gajeruwar mace ce mai kaifin baki, irin wadda in ta fara faɗa a tsakar gida har kajin maƙwabta sukan nemi mafaka. Nomau kuwa ƙato ne, ya ba arba'in baya, ga ƙarfi, ga gaskiya, ga ladabi. Matsalarsa ɗaya ce tak: abin da aka gaya masa shi zai yi, ba ƙari ba ragi. In ka ce ya jira ka a gindin tsamiya ka manta da shi, gobe can za ka same shi, tsuntsaye sun gama yi wa hularsa ado. Ranar da aka fara noman damina aka haife shi, shi ya sa ake ce masa Nomau, kuma tun daga ranar suna shi da noma ba su sake gamuwa ba.

Da ruwan farko ya sauka a shekarar nan, Allah ya yi wa mijin Hansai, Malam Hambali, rasuwa, ta shiga takaba. A Tungar Gawo kuwa takaba ba wasa ba ce. Wata huɗu da kwana goma mace ba ta leƙa ƙofar gida, ba ta sauri, ba ta ɗaga murya. Na farko da na biyu Hansai ta ɗauke su da sauƙi. Na ukun ne ya zame mata kamar an shaƙe ta da igiya.

A ƙofar gidan akwai ɗan fili, taku goma sha biyu a tsaye, bakwai a kwance, inda Malam yakan shimfiɗa buzunsa da la'asar. Ko kwanonin sadakar bakwai ba a gama wankewa ba, sai ga maƙwabcinsu Gwadabe mai injin niƙa da igiya a hannu, yana awo. Wai filin na ubansa ne, nan tsohon yake ɗaure jaki, kuma nan shi zai kafa sabon injinsa. Hansai na tsaye a bayan asabarin zaure tana ji. Ta hango kanta tana tsufa cikin hayaƙin baƙin mai da ƙarar inji tun safe har magariba, a daidai wurin da mijinta yake zama ya yi karatu. Ta aika aka kira Mai unguwa Sambo.

Mai unguwa ya saurari Gwadabe, ya saurari raɗar da ke fitowa daga bayan asabari, ya shafa gemu. Ya ce, "Babu takarda, babu shaida, waɗanda suka san iyakar nan duk suna maƙabarta. To ga hukuncina. Ranar da Hansai ta fita takaba zan dawo. In na tarar da abin da mutanen gidan nan suka sa a ƙasa yana raye, da saiwarsa, fili nasu ne. In na tarar da fako, Gwadabe ya kawo injinsa."

Gwadabe ya waiwaya ya dubi Nomau, wanda ke tsaye da baki buɗe yana kallon gemun Mai unguwa, sai ya yi murmushi. Ya ce, "Ranka ya daɗe, na yarda."

Wata rana da hantsi Hansai ta buɗe tukunyar ajiyarta ta ɗauko iri: kuɓewa, yakuwa da alayyafo, kowanne a ƙulle cikin tsumma. Ta miƙa wa Nomau, ta ce da murya ƙasa-ƙasa, "Ungo. Kai su fili ka binne. Ka binne su sosai yadda kaza ba za ta tono ba, kuma kada ka bari ko ƙwaya ɗaya ta zube." Nomau ya ce, "To, Yaya." Ya saɓa fartanya ya fita. Tana ta jin saransa har azahar, ta ce a ranta ashe dai ƙarfin nan yana da ranarsa. Aka yi kwana goma sha biyu, ruwa na sauka, gonakin mutane sun yi kore, filin Hansai ko ƙiftawa bai yi ba. Ta kira shi.

"Kunya nawa ka yi?"

"Rami ɗaya ne, Yaya."

"Ɗaya? Zurfinsa fa?"

Ya dafa ƙugunsa.

"Ka kwance ƙullin?"

"In na kwance ai zubewa za su yi. Na ɗora dutse ma a kai. Wallahi kaza ta zo ta duba, ta koma."

Hansai ta cusa bakin mayafinta tsakanin haƙora ta ciza har sai da zaren ya tsinke. Sannan ta matso kusa da kunnensa ta raɗa masa, "Nomau, gawa na ba ka ko iri?" Ya ce, "Iri ne, Yaya." Ta koma ɗaki ta rufe ƙofa a hankali, don mai takaba ba ta buga ƙofa.

Wata rana, bayan ta roƙi sabon iri wajen matan da ke zuwa yi mata gaisuwa, ta zaunar da shi a tsakar gida ta koya masa da yatsa a cikin rairayi: rami kamar gaɓar yatsa, ƙwaya uku, a rufe, a matsa gaba taku ɗaya. Wannan karon shuka ta fito. Nomau ya shigo da gudu yana ba ta labari, har ta ɗan ji sanyi a ranta. Ta ce, "To saura ban ruwa. Safe tulu huɗu, yamma tulu huɗu. Ko me ake yi a garin nan kada ka fasa." Kwana biyu da faɗin haka sama ta buɗe. Aka yi kwana uku ana tsuga ruwa ba ƙaƙƙautawa, katangu na zubewa, ko kare ba ya fita. Nomau kaɗai ke kan hanyar rijiya, buhu a ka, tulu a kafaɗa. Ya zo ya tsaya cikin ruwa har idon sawu, ya tuttule tulu a kan ruwan, ya koma ya ɗebo wani. Mazan da suka fake a rumfar Gwadabe suka yi ta dariya har da riƙe ciki. Gwadabe ya ɗaga murya, "Ƙara masa ɗaya, Nomau, ƙishirwa yake ji!" Nomau ya ce, "A'a, huɗu Yaya ta ce." Da rana ta fito, tsiron duk ya ruɓe ya kwanta, kwaɗi sun tare a wurin da iyalansu.

Hansai ta ce, "Ba ka ga ana ruwa ba?"

"Na gani. Har ya jiƙa ni."

"To me ya kai ka?"

"Ke kika ce ko me ake yi a gari. Ruwa ake yi a gari."

Ta ɗaga hannu sama, ta tuna, ta sauke shi a hankali ta gyara ɗaurin kallabinta. Matar da ta zo gaisuwa a ranar ta fita tana cewa ba ta taɓa ganin mai takaba mai jan ido irin Hansai ba, lalle ta so mijinta.

Wata rana, bayan shuka ta uku ta tashi ta kai tsawon tafin hannu, Nomau ya zo ya ce ciyawa ta fito tana kokawa da kuɓewa, shi kuwa bai san wace ce wace ba. Hansai ta ce ya ciro mata guda ɗaya mai faɗin ganye. Ya ciro, ta duba, kuɓewa ce. Ta ce, "Riƙe wannan a hannunka. Ka bi su ɗaya bayan ɗaya. Duk abin da bai yi daidai da wannan ba, cire shi." Tana ganin ta toshe kowace kafa. Nomau ya durƙusa tun hantsi, yana kara na hannunsa a jikin kowane tsiro, yana ƙirga ganye, yana gwada tsawo da tsinke. Da la'asar ya shigo da kwando cike, ya ajiye a gabanta yana share gumi. Ciyawa na ciki, yakuwa na ciki, alayyafo na ciki, kuɓewa na ciki, kowa da saiwarsa a sama.

"Wannan fa?" Ta ɗago wata kuɓewa.

"Ganyenta huɗu. Taki uku ne."

"Wannan?"

"Ta fi taki tsawo."

"Wannan fa? Ga ganye uku, ga tsawo ɗaya!"

"Ƙwaro ya ci gefenta, Yaya. Taki ba a ci ba."

"To me ka bari a filin?"

Ya buɗe tafinsa ya nuna mata wadda ta ba shi, ta yi laushi kamar tsumma. Ya ce, "Ita kaɗai ta yi daidai."

Hansai ta ce, "Allah ya jiƙan Inna. Ta yi haƙuri da kai shekara ashirin, na rantse Aljanna ta gama samu tun a duniya." Ta sa shi ya kwashe ya mayar da su ƙasa tun kafin su mutu. Rabi suka yi fushi suka bushe. Rabi suka yafe masa suka miƙe.

Wata rana rabin nan da suka rayu suka fara fure, har kuɓewa ta fara fitar da 'yan ƙahoni. Labari ya kai kunnen Gwadabe, dariyarsa ta ɗan ragu. Hansai kuwa ta ji kukan awaki a bayan katanga. Ta ce, "Nomau, ɗauki sanda ka zauna a filin nan. Kada ka bari akuya ko ɗaya ta sa baki." Ya zauna. Akuyar da ta matso kuwa ta gane kurenta, don wata ma sai da ya raka ta har bayan kasuwa. Da rana ta take, Gwadabe ya fito yana sakace, ya gaishe shi da fara'a.

"Sannu da aiki, Sarkin Noma. Me aka ce ka kora?"

"Akuya."

"Akuya kawai?"

"Ita aka ce."

Gwadabe ya koma gida ya kwance tumakinsa shida ya buɗe musu ƙofa. Suka shigo filin a jere kamar an gayyace su walima. Nomau ya tashi ya duba su ɗaya ɗaya, ya ɗaga wutsiyar wannan, ya shafa kunnen waccan, ya tabbatar babu akuya a ciki, ya matsa musu. Har ya gyara wa wani rago reshen da ya gagare shi. Da Hansai ta ji tauna a bayan asabari ta tambaya, ya ce, "Kwantar da hankalinki, Yaya, tumaki ne."

Ranar nan Hansai ta shiga rumbun dawa, ta rufe kanta a ciki, ta tura fuska cikin buhu. Abin da ta gaya wa buhun nan game da Gwadabe, da tumakinsa, da injinsa, da jakin ubansa, babu wanda ya ji. Amma an ce tuwon da aka yi da dawar ya yi wata guda yana ɗaci.

Wata rana ta ce, "Shinge za a yi. Je ka nemo sanduna dogaye, ka kafa su a kan iyaka, ka saƙa da kara da ƙaya. Ka rufe ko'ina ruf, kada ka bar ko kafar da ɓera zai bi." Nomau ya fita ya tsaya yana tunani, don bai san inda iyakar take ba. Wa zai tambaya? Sai ya tuna mutum ɗaya ne a garin ya taɓa auna filin da igiya. Ya nufi rumfar Gwadabe, inda dattawa biyar ke zaune suna cin goro, ya yi sallama ya ce, "Yaya ta ce in kafa shinge a kan iyaka. Ina iyakarmu?" Rumfa ta kwashe da dariya. Gwadabe ya tashi yana share hawaye, ya taka har gefen filin, ya wuce inda ake gardama a kai, ya ƙara taku biyu cikin ƙofar gidansa, ya ja layi da dugadugansa. Ya ce, "Har nan naku ne, Sarkin Noma. Ku shaida, jama'a, ni na ba shi! Sanduna ma kada ka wahala, ni zan ba ka." Ya shiga gida ya sassaro rassan zogalensa, ɗanyu shakaf, ya zube masa. Kowa a rumfar ya san icen zogale ba ice ba ne. Yaro ma yana karya shi da gwiwa, gara kuwa tana cinye shi kamar ƙosai. Nomau ya yi godiya har ƙasa. Ya kafa sanduna talatin da ɗaya, kowace ta fi shi tsawo, ya saƙe su da kara da ƙaya tun daga wannan kusurwar katanga har zuwa waccan.

Da la'asar Hansai ta ji muryoyin mata a waje suna sallama, sallama, ba su shigo ba. Ta ce, "Nomau, me ya hana su shiga?"

"Shinge."

"Su bi ta ƙofar shingen mana."

"Ba ki ce a yi ƙofa ba. Ruf kika ce."

"To kai ta ina za ka je rijiya?"

Ya ce, "Ni ma tun azahar nake tunani."

Sai da aka zare kara aka buɗe hanya tsakanin sanduna biyu. Matan suka shigo suna cire ƙaya daga zannuwansu, suka ba ta labarin zogalen da layin Gwadabe, ba su rage komai ba. Hansai ta saurara, haƙoranta na ƙara. Ta ce, "Wajen maƙiyina ka je ya nuna maka iyakata?" Nomau ya ce, "Shi ne mai igiya."

Wata rana, saura kwana arba'in da bakwai ta fita takaba, ruwa ya ɗauke tun lokacinsa bai yi ba. Sama ta yi fari fat, rana ta dawo da zafinta. A cikin shingen akwai shuka ta ƙarshe, alayyafo ne, ragowar irin da ta karkaɗe daga gindin tukunya, bayansa babu wani. Ya fito siriri kamar gashin jariri. Ta ce, "Nomau, don girman Allah, wannan shi ke nan. Ka rufa musu kada rana ta gan su." Nomau ya dubi rana, ya dubi tsiron, ya ga tabarma ma tana da ƙofofi. Ya shiga madafi ya kwaso akushi, da kwanoni, da ƙore, da tukunyar dahuwar wake, ya kife a kan kowane tsiro, ya tara ƙasa a gefe don kada haske ya saɗaɗa. Hansai ta zaci maƙwabta ne suka ari kayan lokacin zaman makoki ba su dawo da su ba, ta yi ta zaginsu a zuci. Ranar bakwai ta tambaye shi lafiyar shuka. Ya ce, "Ban sani ba. In na buɗe rana za ta gan su." Ta sa ya kawo mata ɗaya. Ya kawo wani abu fari, dogo, mai laushi kamar tsutsa.

Nan fa igiyar ta kusa tsinkewa. Hansai ba ta yi ihu ba, amma raɗar da ta yi ta fi ihu yanka.

"Na ba ka iri, ka yi masa kabari. Na ce ka shayar, ka nutsar. Na ce ka yi noma, ka yi yaƙi. Wurin da Malam yake zama ke nan, Nomau. Shekara ashirin da shida yana ciyar da kai bai taɓa ce maka ka tashi ba, wurin zamansa kaɗai ka kasa riƙe masa. Kada ka ƙara shuka min komai! Tunda hannunka ba ya gajiya da tulu, je ka yi ta ba sandunan shingen ruwa. Safe da yamma! In ka gama ka haɗa da taɓaryata, ita ma ka dasa ta ka shayar, ko za ta yi mana 'ya'ya!"

Nomau ya sunkuyar da kai. Ya daɗe a tsaye, yana murza bakin rigarsa. Sannan ya ce a hankali, "To, Yaya."

Daga ranar Hansai ta hana a ambaci filin a gabanta. Duk matar da ta buɗe baki ta ce, "Ni kuwa Hansai, shingen nan naku," sai ta ɗaga mata hannu ta ce in maganar ke nan ga hanya. Ta fara tunanin inda za ta mayar da gadonta don ya yi nisa da ƙarar inji. Ga wani sabon baƙin ciki kuma, taɓaryarta ta ɓata, ta gidan aurenta, wadda hannunta ya lashe har ta yi santsi. Ta tabbata matar Gwadabe ce ta ɗauke. Shi kuwa Gwadabe, da ya leƙa ya ga kwanoni a kife a kan fako, sai ya kama hanyar birni neman babban inji, ya ce ba zai dawo ba sai ranar hukunci. Mutanen gari suna wucewa safe da yamma suna ganin ƙato yana zagaya sanduna da tulu. Makon farko suka yi dariya. Mako na uku suka daina. Babu wanda ya aika wa Gwadabe, don mutanen Tungar Gawo ba sa son a ɓata musu kallo.

Wata rana, ita ce ta ƙarshe, Hansai ta yi wankan fita takaba, ta sa sabon zane, ta tsaya a cikin zaure ta kasa ɗaga asabari. A waje tana jin hayaniyar mutane, da ƙarar amalanke, da muryar Gwadabe tun daga nesa yana cewa a ba shi hanya, inji ne, kada ya taka wani. Sai kuma ta ji muryar ta yanke kamar an toshe ta da tsumma. Ta ɗaga asabari.

Cikin filin fako ne, ko tsinke babu. Amma inuwa ce a kansa. Ta ɗaga kai. Sandunan nan talatin da ɗaya duk sun yi toho, kowace ta ɗaura rawanin ganye kore shar a ka, can sama inda bakin tunkiya ba ya kaiwa, iska na kaɗa su. Nomau na gindin ta ƙarshe da tulu.

Gwadabe ya diro daga amalanke. Ya ce, "Ranka ya daɗe, dubi ciki! Fako ne! Wannan shinge ne, ba shuka ba!"

Mai unguwa Sambo ya matso bakin shinge. Ya miƙa wa wani sandarsa, ya kama ɗaya daga cikin zogalen da hannu biyu ya ja. Ta ƙi. Ya sake ja har hularsa ta karkace. Ya durƙusa ya tona gindin da yatsa, sai ga saiwa fara sol ta kama ƙasa. Ya miƙe yana karkaɗe gwiwa. Ya ce, "Wa ya sa wannan a ƙasa?"

Nomau ya ce, "Ni ne. Yaya ta ce."

"Yana raye?"

Jama'a suka ce, "Yana raye!"

Gwadabe ya ce, "To ai zogalena ne! Daga gidana aka saro shi! Kuma ya shigo min ƙofar gida taku biyu!"

Mai unguwa ya ce, "Sata ya yi?"

Wani dattijo daga cikin 'yan rumfa ya tofar da goro ya ce, "Kyauta ce, ranka ya daɗe. Layin ma shi ya ja da ƙafarsa. Har cewa ya yi mu shaida. To mun shaida."

Mai unguwa ya karɓi sandarsa ya ce, "Fili na gidan Malam Hambali ne, har inda itacen nan ya tsaya. Gwadabe, juya amalankenka."

Sai a lokacin Hansai ta tuna wani abu: takaba ta ƙare. Ta gyara ɗaurin zane, ta taka har bakin shinge, ta ja numfashi. Abin da ta tara wata huɗu da kwana goma ta sauke shi a kan Gwadabe tas, ba ta riƙe ko ƙwaya ba. Ta fara daga igiyar awo, ta bi ta kan tumaki shida da sunan kowace, ta gangara kan jakin ubansa, wanda ta ce duk zuriyar shi kaɗai ne mai kunya. Kajin unguwa suka watse. Shanun amalanke suka juya da kansu ba a kora su ba. Mai unguwa ya tsaya har ƙarshe, wai don kada a yi rikici.

Da ta gama, ta juyo tana haki, sai ta ga Nomau tsaye a kusurwa, ya rufe wani abu da jikinsa, fuskarsa kamar wanda ya yi laifi.

"Mene ne kuma?"

Ya matsa. A ƙarshen layin zogale, a kafe cikin ƙasa, an yi mata ɗan gurbi an zagaye da taki, gindinta jiƙe sharkaf, ga taɓaryarta.

Ya ce, "Yi haƙuri, Yaya. Duk sun yi, ita kaɗai ta ƙi. Wallahi ban taɓa tsallake ta ba."

Hansai ta dubi taɓarya, ta dubi ƙanenta, ta dubi inuwar da ta sauka daidai inda Malam yake shimfiɗa buzu. Ta buɗe baki, jama'a suka ja da baya. Sai ta rufe. Tunda aka haife ta ba a taɓa ganin ta auna magana kafin ta faɗa ba sai ranar.

Ta ce, "Bar ta nan. Ka ci gaba da ba ta ruwa."

"Har yaushe?"

"Har ta fito."

Taɓaryar tana nan har yau a ƙarshen layi, ba ta ce komai ba tukuna. Zogalen da ke kusa da ita kuwa, mai shan ragowar ruwanta, ya fi duk na garin tsawo, kuma daga jikinsa matar Gwadabe take zuwa roƙon ganyen kwaɗo, da sallama, ta ƙofar shinge.